An bar jaki ana dukan taiki: gardamar sunan “atlas” a makarantar da ba ta da atlas



Kwanakin baya na je taron uwaye a makarantar da jikata take ajin CM2. Mushen ajin ya miƙe ya karanta kayan da yake roƙon a taimaka masa da su: alli, kaye, bokitin ruwa, sai kuma atlas, ko guda biyu ne, yara su riƙa karɓa-karɓa. Bai rufe baki ba wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, amma an turo mini saƙon murya a WhatsApp cewa Atlas sunan gunkin Girkawa ne. Ni kam ba zan sa kuɗina a sayo wa ɗiyan Musulmi littafin da aka raɗa wa sunan gunki ba.” Wani matashi daga baya ya karɓe, ya ce shi zancen gunki bai dame shi ba, abin da ya dame shi kalmar ta ƴan mulkin mallaka ce, tun da kuwa Hausa ta zama harshen ƙasa ya kamata a kore ta daga bakin yara. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira la'asar, aka watse ba a tara ko dala ba.

Kafin in fita na leƙa ajin. Taswira ɗaya ce a bango, gara ta cinye mata kusurwa. A cikinta Sudan ƙasa ɗaya ce, Kwango kuma sunanta Zayir. An bar kiran Kwango da wannan suna tun 1997, Sudan ta rabu biyu tun 2011, amma wannan ita ce duniyar da ake nuna wa jikata. Mun kwashe yini muna faɗa a kan sunan littafin da babu ko ɗaya a makarantar duka. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Na daɗe ina koyar da tarihi da labarin ƙasa kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi ra'ayina ba ƙumbiya-ƙumbiya: a bar kalmar nan inda take, a koya wa yara tarihinta, sannan a sa musu littafin a hannu. Alhaji da ɗana matashi kowannensu ya kama wani yanki na gaskiya, ya saki sauran. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji, saƙon da aka turo maka bai ƙirƙiri sunan ba. A tatsuniyoyin Girkawan dā akwai wani ƙato da ake kira Atlas. Sun ce ya shiga yaƙi da Zus, shugaban abubuwan bautarsu, aka ci su da yaƙi, aka yanke masa hukuncin tsayuwa a ƙarshen yammacin duniya yana tallabe da sama har abada. A lura, sama aka ɗora masa. Mu malamai mun daɗe muna gaya wa yara cewa duniya yake ɗauke da ita, kuma kuskure ne. Tsohon mutum-mutumin nan nasa da ke birnin Nafoli na Italiya, ƙwallon da ke wuyansa zanen taurari ne a jikinsa. Daga wannan hoto na mai ɗaukar kaya ne likitoci suka ba ƙashin farko na wuya, wanda kai yake zaune a kansa, sunan atlas. Ashe kowannenmu yana yawo da atlas a ƙeyarsa, har shi wanda ya naɗi saƙon muryar.

To amma ta yaya sunan ya hau littafin taswira? Nan ne saƙon ya yanke labari. Littafin farko irin na zamani da ya tara taswirorin duniya wuri ɗaya, Abraham Orteliyus ya buga shi a birnin Anbers a 1570, da taswira 53, kuma bai kira shi atlas ba. Sunan da ya ba shi da Latinanci yana nufin dandalin kallon duniya. Wanda ya fara sa kalmar a kan irin wannan littafi shi ne abokinsa Jerar Merkato, wanda aka haifa a 1512 a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Ya rasu a 1594, ɗansa ya fitar da cikakken littafin a 1595. Merkato da kansa ya bayyana wanda yake nufi: wani Atlas da marubutan dā suka ce sarki ne a Mauritaniya, masanin lissafi da taurari, wanda suka ce shi ya fara ƙera ƙwallon da ke nuna tsarin sama. Mauritaniyar wancan zamani kuwa ita ce arewacin Maroko da yammacin Aljeriya na yau. A bangon littafin, dattijo ne aka zana zaune da ƙwallo a hannu yana aunawa, babu kaya a wuyansa.

Shi ma wannan sarki na almara ne, ban ce a rantse da shi ba. Abin da nake so a riƙe shi ne niyyar wanda ya raɗa sunan: malami ya so girmamawa, kuma malamin da ya zaɓa, a fahimtarsa, mutumin Afirka ne. Wannan ne saƙon WhatsApp ya ɓoye maka, Alhaji, ko don mai saƙon bai sani ba, ko don ya san tsoro ya fi bayani saurin yaɗuwa.

Sunan ma bai taɓa barin nahiyarmu ba. Duwatsun Atlas sun ratsa Maroko da Aljeriya da Tunusiya, ƙololuwarsu, dutsen Tubkal, ya kai mita 4,167. Tekun Atlantika daga nan ya samo suna, ma'anarsa tekun Atlas. Game da tushen kalmar kanta, wasu masana sun danganta ta da wata kalmar Girkanci mai nufin jurewa da ɗaukar nauyi, wasu kuma sun ce daga harshen mutanen wurin ta fito, daga “adrar”, wato dutse. Wannan kalma ba baƙuwa ba ce gare mu. Duk wanda ya buɗe taswirar jahar Agadas zai ga Adrar Bus da Adrar Madet. A 2022, da ƴan ƙwallon Maroko suka kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar, daga Yamai har Difa an kwana ana ihun Zakunan Atlas. Ban ji wanda ya ce a kashe talabijin don an ambaci gunki ba.

Ga kuma abin da ya kamata ya kwantar wa Alhaji da hankali. Larabawa da kansu “aɗlas” suke kiran littafin taswira, tekun kuma Muhiɗul Aɗlasi. Malamin tarihi na Masar Husaini Mu'unis ya wallafa Aɗlasu Tarihil Islam a 1987. Malamin Sham Shauƙi Abu Khalil ya wallafa Aɗlasul Ƙur'an da Aɗlasus Siratin Nabawiyya, inda ya nuna wuraren da aka ambata a Alƙur'ani da hanyar hijira da filayen Badar da Uhudu. Waɗannan malamai ba su fi mu jahiltar tauhidi ba. Sun san kalma tana iya tasowa daga wani wuri ta zauna a wani, ma'anarta ta yau ita ake hukunci da ita. Larabci ma yana da wata “aɗlas” tasa ta asali, mai nufin abu mai santsi, shi ya sa suke kiran wani irin alharini mai sulɓi da ita, malaman falaki na dā kuma suka kira sama ta can ƙoli, wadda ba ta da taurari, Falakul Aɗlas. Kalmomin biyu kama kawai suka yi, kamar gari na zama da gari na tuwo.

In har asalin suna ne zai haramta shi, to aiki ya same mu. Janairu daga Janus ne, abin bautar Rumawa. Maris daga Mars ne, abin bautarsu na yaƙi. Ranakun da yara suke rubutawa a kan tablo kowace safiya da Faransanci, daga Talata zuwa Juma'a, duk sunayen abubuwan bautar Rumawa ne. Wanda ya karɓi albashin watan Maris bai bauta wa kowa ba. Yaron da ya buɗe atlas yana neman Makka shi ma haka.

Yanzu na juyo gare ka, ɗana. Kishinka na harshe ina tare da shi. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma nauyi ne a kanmu mu nuna tana iya ɗaukar kowane fannin ilimi. Sai dai in za mu kori kowace kalmar aro daga aji, da me za mu yi karatun? Littafi daga Larabci ne. Alƙalami daga Larabci ne, su kuma Larabawa daga Girkawa suka samo shi. Takarda ta shigo mana ta bakin Abzinawa, kuma kakarta ɗaya da “carte” ta Faransanci da kake ƙyama. Ita kanta taswira, da kake so a maye gurbin da ita, Balarabiya ce, dangin sura, ma'anarta surantawa. Su Turawan ma aro suka yi: “mappemonde” daga kalmar Latinanci take mai nufin ƙyalle, domin a kan ƙyalle ake zana duniya a dā. Ƙarfin Hausa shi ne in ta ari kalma sai ta tanƙwara ta har mai ita ya kasa gane ta. Yara sun riga sun fara, “atalas” suke cewa. Ni a ajina ina cewa kundin taswira, in ƙara da cewa a wasu harsuna atlas ake kiransa, domin yaron zai gamu da kalmar a Faransanci da Turanci da Larabci duk inda karatu ya kai shi. Sunaye biyu ba su taɓa yi wa abu ɗaya nauyi ba.

In faɗa kake nema da mulkin mallaka, buɗe littafin, faɗan yana ciki. Shi wannan Merkato a 1569 ya fito da wata dabarar shimfiɗa duniya a kan takarda. Don matuƙan jirgin ruwa ya yi ta, kuma ta yi musu amfani, domin tana kiyaye alƙiblar tafiya. Illarta ita ce tana kumbura ƙasashen da suka yi nisa da tsakiyar duniya. A irin wannan taswira tsibirin Girinlan yana fitowa kusan daidai da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi sau 14. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, Faransa ta cikin Turai kuwa wajen 551,000, wato mun ninka ta har da ɗoriya. Amma a taswirar Merkato sai ka ga Faransa ta kusa kamo mu. Yaron da ya girma yana kallon wannan hoto, da wane ido zai dubi ƙasarsa? A watan Agusta na 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran da ake yi na a bar wannan taswira a makarantu, a koma ga wadda ke nuna girman kowace ƙasa daidai. Wannan ce maganar da na so ji daga bakinka a taron. Ka tambayi mushe wane irin atlas za a sayo, Afirkar da ke ciki ta kai girmanta ko an matse ta.

Sannan ka dubi sunayen garuruwanmu yadda aka rubuta su. Dogon Dutsi ya zama Dogondoutchi. Tasawa ta zama Tessaoua. Gidan Rumji ya zama Guidan Roumdji. Tawa ta zama Tahoua. Na sha ganin yaro ɗan garin yana kallon sunan garinsu a taswira bai gane shi ba, sai an karanta masa. Wannan ya fi kalma ɗaya a bangon littafi ciwo nesa ba kusa ba.

Kada kuma kowa ya ɗauka zanen duniya sana'ar Bature ce da muka tsinta. Tun ba a haifi uwar mai sabulu ba balbela take da farinta. Al-Idrisi, haifaffen Sabta a gaɓar Maroko, ya kammala littafinsa Nuzhatul Mushtaƙ a 1154 a tsibirin Sisili, da taswira 70, fiye da shekara 400 kafin littafin Merkato. Kudu ya sa a sama, arewa a ƙasa, kuma ya yi bayanin Kawar, yankin Bilma na ƙasarmu. A nan ƙasar Hausa, lokacin da Baturen Birtaniya Kilafaton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswirar ƙasashen wannan yanki da kogunansu, aka buga ta a Landan a 1826. Baƙon shi ya zo tambaya, mai gida ya zana masa. Bayan samun ƴancin kai ma an yi ƙoƙari: a 1980 aka buga Atlas du Niger, wanda Edmond Bernus da Sidikou Arouna Hamidou suka jagoranta. Tambayar ita ce, yara nawa ne a Mayahi ko Magarya ko Madawa suka taɓa riƙe irinsa da hannunsu?

A nan laifi ya dawo kanmu malamai, har da ni. Mun mai da labarin ƙasa hadda. Yaro zai jero maka ƙasashe 7 da muke iyaka da su kamar yana waƙa: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali. Zai jero jahohi 8 ba tuntuɓe. Ka ce ya nuna maka da hannu ina Cadi take daga inda yake tsaye, sai ya dubi ƙasa. Ya haddace cewa dutsen da ya fi tsawo a Nijar yana Bagzan, mita 2,022, amma bai san ko Bagzan tana gabas da shi ko arewa ba. Mun ba shi maki, ya ci jarrabawa, ya fita bai san inda yake a doron ƙasa ba. Rashin kayan aiki gaskiya ne, ajin zana ma gaskiya ne, amma ko a ƙarƙashin bishiya ana iya share ƙasa a zana gari da tsinke.

Wani zai ce, mutanen da ke fama da hatsi ina ruwansu da taswira? Ruwansu ne kuwa. Ƙasarmu ba ta da teku, shinkafa da mai da sukari da magani da yawa ta tashoshin tekun Atlas ɗin nan suke shigo mana. Da hanyar Kwatano ta toshe daga 2023, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowace uwa ta ji a tukunyarta. Yaron da ya ga hanyoyin biyu a takarda zai gane dalili cikin minti biyar. Bututun man Agadem yana tafiyar kusan kilomita 2,000 kafin ya kai gaɓar teku a Benin. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa ta madatsar Jibiya, ya shigo mana, ya sake komawa Najeriya ya haɗu da Rima. Manomin fadama da bai san wannan ba, ba zai san wa zai tambaya ba in ruwa ya ƙi zuwa. Waɗannan yaran su ne gobe za su zauna a teburin yarjejeniya da sunan ƙasa. Wanda bai san inda arzikinsa yake bi ba, da wuya ya iya kare shi.

Akwai wanda ya fi wannan zafi. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, akasari daga yankin Kance. Ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Allah ya jiƙansu. Talauci ne ya fitar da su, ban ce littafi zai hana talauci ba. Amma har yau matasanmu suna jin an ce “Aljeriya nan ce kusa” ko “Libiya kwana biyu ne”, su yarda, domin ba su taɓa ganin faɗin Tenere da idonsu ba, ko a takarda. Gani ya kori ji. Yaron da ya taɓa ɗora tsinke a kan ma'aunin taswira ya ƙirga kilomita tsakanin rijiya da rijiya, aƙalla zai yi tambaya kafin ya hau mota.

Saboda haka ga roƙona. Ku uwaye, in kowa ba zai iya saya wa ɗansa ba, kwamitin makaranta ya tara a sayi ko biyu a kowane aji na manya, a duba shekarar bugu, a duba akwai Sudan ta Kudu a ciki. Kuma in saƙon murya ya zo da zancen haramci, a kai shi ga malamin da ya karanta, na addini da na boko, kafin a tura wa wani. Matambayi ba ya ɓata.

Ku malamai, ranar da littafin ya shigo aji ku ba kalmar minti goma. Ku faɗi tatsuniyar a matsayin tatsuniya, ku faɗi sarkin Merkato, ku nuna duwatsun, ku nuna tekun, ku sa kowane yaro ya taɓa ƙeyarsa. Daga nan ku fara da ƙofar makaranta: ina kasuwa, ina rijiya, ina gulbi, ina rana take fitowa. Yaro ya zana unguwarsu kafin ya zana Turai. Littafin kuma kada a kulle shi a ofishin darekta don tsoron yagewa. Atlas ɗin da ya yage a hannun yara ya biya kuɗinsa.

Ku kuma magabata, tun da an ɗaga Hausa, a fara da wannan. Muna da ma'aikatar zanen taswira ta ƙasa, muna da malaman labarin ƙasa a jami'o'in Yamai da Damagaram. A buga kundin taswirar Nijar na makaranta da Hausa, a rubuta sunan kowane gari yadda mutanensa suke faɗarsa, na Zabarmawa da Zabarmanci, na Barebari da Barbarci, na Abzinawa da Tamajak, na Fulani da Fillanci, a nuna Afirka da girmanta na gaskiya. A bangonsa a rubuta atlas, ko atalas, ko kundin taswira, ko duka ukun. Ni dai ba zan yi gardama da kowa a kan wannan ba.

Alhaji, taro na gaba zan zo da tsohon nawa. In ka yarda mu zauna a benci ɗaya, in buɗe maka shafin Gabas ta Tsakiya, ka bi da yatsanka daga Tawa zuwa Cadi, zuwa Sudan, zuwa gaɓar Bahar Maliya, hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa zuwa aikin hajji. In ka gama, sai mu kira mushe mu ji nawa ne kuɗin guda biyu.

Allah ya sa mu dace.